KORAR HAYAƘI DABAM, KASHE SHI DABAM

Duk wanda ya zauna Ikko ko Badun ko Fatakwal ko Anaca, ko da ci-ranin shekara ɗaya ya zo, ya san abin da ake nufi in an ce mota 'yar Beljiyam ce. Watau mota ce wadda ta gama aikinta a Turai, aka ɗoro ta a jirgin ruwa, ta zo nan ta soma sabuwar rayuwa da tsufanta. Sunan ya bi bakin jama'a har ya wuce mota, ya kai ga firiji da talabijin da injin da aka ciro daga jikin wata motar. To, amma ba kowa ya san cewa Antuwaf, birnin da ake lodin da yawa daga cikin waɗannan motoci, shi da kansa ya kafa doka ya hana ire-irensu shiga tsakiyarsa ba. Wannan doka muke so mu duba a yau, domin akwai abin yabo a cikinta, akwai kuma abin zargi, kuma duka biyun sun shafi mutumin Arewa da ke neman abinci a bakin titin Kurmi.

YADDA DOKAR TAKE

Antuwaf birni ne mai mutum sama da rabin miliyan a arewacin Beljiyam, cikin lardin Filandas, kuma tashar jiragen ruwansa ita ce ta biyu a girma a Turai, in an ɗauke ta Rotadam. A shekarar 2015 majalisar lardin ta ba birane izinin su keɓe unguwannin da mota mai yawan hayaƙi ba za ta shiga ba. Majalisar birnin Antuwaf ce ta fara amfani da wannan izini, ran 1 ga Fabrairu, 1 ga watan da dokar ta soma aiki a shekarar 2017, zamanin da Bart De Wever yake magajin gari. Birnin Burasels ya bi sahu a farkon 2018, birnin Gent kuma a farkon 2020.

Iyakar da aka shata ita ce duk abin da ke cikin babbar hanyar da ta yi wa birnin zobe, haɗe da wani yanki a ƙetaren kogi. Dokar ba ta da dare ba ta da rana, ba ta da Lahadi ba ta da ranar hutu. Kuma ba ta duba kyan mota ko tsadarta, sai dai ajin injinta. Dama tun shekarar 1992 ƙasashen Turai suka kasa motoci aji-aji bisa ga yawan gubar da ke fita daga salansa, daga aji na 1 har zuwa na 6, kowane aji ya fi na bayansa tsabta. Da aka fara, motar dizal sai ta kai aji na 4 kana ta shiga kyauta, ko kuwa aji na 3 in an sa mata matatar toka. Motar fetur kuwa aji na 1 ya isar mata. A farkon 2020 aka ƙara ɗaure igiyar: dizal sai aji na 5, fetur sai aji na 2. Dalilin da ya sa aka fi matsa wa dizal shi ne, shi ya fi fitar da baƙar toka, kuma sai daga aji na 5 ne matatar tokar ta zama ba makawa a jikin ƙananan motocinsa.

Babu ɗan sanda a bakin iyaka, babu shinge, babu mai sanda a hannu. Kyamarori ne aka kafa a mashigai, suna karanta lambar kowace mota, suna gwada ta da rajistar gwamnati. Wanda ya shiga da motar da ba ta cancanta ba, takardar tara za ta iske shi har gida: Yuro 150 a karon farko, 250 in ya sake cikin shekara guda, 350 in ya ƙara. Wanda kuwa larura ta kama shi, kamar kai mara lafiya asibiti, yana iya sayen izinin yini guda a kan Yuro 35, amma sau ƙalilan a shekara. An kuma yi wa naƙasassu da masu ƙaramin ƙarfi rangwame.

ABIN DA YA SA

Mai karatu zai ce, mene ne na wannan wahala duka a kan hayaƙi, abin da iska ke kwashewa? Amsar ita ce, iska ba ta kwashe shi zuwa ko'ina sai cikin ƙirjin mutane. Abu biyu likitoci suka fi jin tsoro a cikinsa. Na farko wata ƙura ce mai tsananin laushi, wadda ƙwayarta ta fi silin gashin kai siranta wajen sau 30. Hanci ba ya iya tace ta, tari ba ya fid da ita. Takan wuce har ƙarshen huhu, wata ma ta shiga jini, ta taimaka wa ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon daji na huhu. Na biyu wata iska ce mai guba da masana ke yi wa laƙabi da NO2, wadda injin dizal ya fi kowa fitarwa, tana kumbura hanyoyin numfashi, tana tayar wa masu asma ciwonsu, musamman yara. Ba cuta ce mai ka da mutum nan take ba, shi ya sa ake raina ta. A hankali take ci, kamar gara a azara, sai ranar da ɗaki ya rufta a ce ajali ne.

Abin sha'awa a labarin Antuwaf shi ne, jama'ar gari ba su zauna jiran gwamnati ta gaya musu halin da suke ciki ba. A shekarar 2016 mutum 2,000 suka rataya 'yan kwalabe na awon iska a tagogin gidajensu har wata guda, masanan jami'a suka tattara suka auna. A 2018 aka sake yi a dukan lardin, da mutum 20,000, jami'ar Antuwaf da wata jarida da hukumar kula da muhalli suka haɗa hannu a kai. Sakamakon ya nuna wa kowa, titi bayan titi, inda gubar ta fi taruwa: ƙuntatattun tituna masu dogayen gidaje dama da hagu, da mararraba inda motoci ke tsayawa suna tashi. Daga nan gardama ta koma kan ma'auni, ta bar kan jita-jita.

To, a nan wajibi ne a yaba wa majalisar. Ta ba da sanarwa tun da nisa, ta bi abin daki-daki, ta bar ƙofa ga mai larura, ta kuma ɗauke hukuncin daga hannun mutumin da za a iya cusa wa wani abu a aljihu. Motocin da ke yawo cikin birnin sun sabunta da sauri, baƙar tokar da ake aunawa ta ragu. Ko da tsadar rayuwa ta matsa wa jama'a, gwamnatin lardin ta ɗage ƙarin tsanantawar da aka shirya wa shekarar 2025, wanda ya nuna cewa ko a can ɗin ana fama da tambayar nan: wa zai biya kuɗin iska mai kyau? Masu suka sun ce dokar ta fi cin talaka, don mai kuɗi ya daɗe da sayen sabuwar mota. Sun kuma ce hanyar zoben kanta, wadda manyan motoci ke bi dare da rana, ba ta cikin iyakar, haka ma tashar jiragen ruwa. Duk gaskiya ne. Amma akwai wata suka da ta fi waɗannan nauyi, wadda ba a cika jin ta a majalisar ba, domin waɗanda ya kamata su yi ta ba su da ƙuri'a a Antuwaf.

INA MOTAR TA TAFI?

Dokar ta ce kada tsohuwar mota ta shiga gari. Ba ta ce a farfasa ta ba. Mai ita kuwa ba zai jefa ta a kogi ba, sayarwa zai yi, kuma mai saye yana nan kusa. A birnin Burasels akwai wani titi mai suna Heyvaert, wanda shekara da shekaru ya zama kasuwar tsofaffin motoci masu zuwa Afirka ta Yamma. Can dillalai ke tara su daga Beljiyam da Jamus da Faransa da Holan, a ɗora su a kan tireloli zuwa tashar Antuwaf, daga nan jirgi ya sauke su a Kwatano ko Lome ko Tin Can, su bayyana a Berger da sabon fenti.

Gaskiya ne ba duk motar da aka kora ce ta zo nan ba. Da yawa daga ƙananan motocin dizal Gabashin Turai suka nufa, mu kuma a nan mun fi son ƙaramar mota mai fetur, kuma kaso mai yawa na motocinmu daga Amurka yake zuwa. Amma bas-bas ɗin haya da akori-kura da manyan motocin ɗaukar kaya, waɗanda su ne suka fi turnuƙe mana tituna, da yawansu ta wannan hanya suka biyo. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fid da rahoto a watan Oktoba na 2020, ta ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka zo. Hukumar bincike ta ƙasar Holan ta duba waɗanda ke fita ta tashoshinta a wannan lokaci, ta tarar yawancinsu shekarunsu 16 zuwa 20, ba su kai aji na 4 ba, kuma ba su da takardar lafiyar mota mai aiki. Kashi ɗaya cikin huɗu na masu zuwa Nijeriya sun doshi shekara 20.

Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya. A jikin salansar motar fetur akwai wata tukunya mai saƙa kamar ta zuma, wadda aikinta shi ne ƙone gubar kafin ta fito; bakanikenmu na kiranta indomi. Domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, sau da yawa akan cire ta, ko dai tun can kafin lodi, ko kuwa a nan bayan an sauke, a liƙa bututu a gurbinta. Motar da ta bar Turai da guntun mutuncinta sai ta iso hannun mai saye tsirara.

Sa'an nan ga maganar mai. Farar wutar da ke cikin dizal da fetur ita ke ƙara yawan ƙurar nan, ita ce kuma ke lalata indomi da matatar toka ko da suna nan. A Turai ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A shekarar 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta ɗebo mai daga gidajen mai na ƙasashen Afirka 8, har da Benin da Gana, ta tarar da dizal ɗin da farar wutarsa ta ninka ta Turai sau 378. Ta kuma nuna cewa kaso mai tsoka na man da ake kawo wa Afirka ta Yamma a tashoshin Amstadam da Rotadam da Antuwaf ake haɗa shi, da gangan, daidai da raunin dokokinmu. A lokacin dokar Nijeriya ta yarda da kashi 3,000 cikin miliyan a dizal. Watau shekara guda kafin majalisar Antuwaf ta rufe tsakiyar gari don kare huhun 'ya'yanta, a bakin ruwan wannan gari ake dama man da ba za a yarda a sayar a gidan mai ko ɗaya na Beljiyam ba, ana turo mana. Sai a 2023 Holan ta sa wa man da ake fitarwa iyakar kashi 50, Beljiyam kuma ta bi baya a 2024.

Wanda ya share tsakar gidansa ya zuba sharar a ƙofar maƙwabci, ba za a ce bai yi shara ba, amma ba za a kira shi mai tsabta ba. Majalisar da ta hana mota shiga, ta kuma bar ta ta bi ta bayan gari zuwa jirgi, rabin aiki ta yi. Hanyar cika sauran rabin kuwa sananniya ce. Birnin Gent ya ba da kuɗi ga mazauninsa da ya kai tsohuwar motarsa aka farfasa, birnin Landan ma ya yi haka lokacin da ya faɗaɗa tasa iyakar. Motar da aka narke ta daina hayaƙi har abada. Wadda aka sayar kuwa, garin da za ta yi hayaƙin kawai aka sake mata.

WA KE SHAƘA?

Yanzu mu sauko gida. Bankin Duniya ya yi nazarin iskar Ikko, ya fid da sakamako a 2020. Ya ce a shekarar 2018 gurɓacewar iska ta jawo mutuwar mutum wajen 11,200 kafin tsufa, kuma kashi 60 cikin ɗari na waɗannan yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Asarar da ta jawo ta kai dala biliyan 2.1. Ƙurar nan mai laushi ta ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a lokacin kusan sau 7, alhali kuwa a 2021 hukumar ta sake rage iyakar da rabi. Babban tushen ƙurar, in ji nazarin, motocin titi ne, waɗanda yawancinsu sun haura shekara 15, sa'an nan masana'antu da janareto.

Jama'a, wa ke kwana ya tashi a cikin wannan hayaƙi? Mai babbar mota ya ɗage gilashi ya kunna sanyi, ya wuce. Wanda ya rage a titi shi ne mai shayi a bakin tasha, da mai tsire, da mai gyaran takalmi, da mai turin ruwa, da ɗan acaɓa wanda hancinsa ke daidai da salansar danfo, da ɗan dako a Mile 12 da ke sauke kwandon tumatir a gindin motar da ba a kashe ba, da direban tanka da yaronsa da ke kwana bakwai a layin Apapa, da maigadin da ɗakinsa ke jikin get. Duk wanda ya zaga Agege da Idi-Araba da Obalende da Ijora da Alaba Rago, ko Sabo da Sasa a Badun, ya san 'ya'yan wane ne waɗannan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutum ya yi shekara goma sha a kan wannan aiki, ya koma gida da 'yan kuɗinsa da kuma tarin da ba ya jin magani, a ce sanyin Kurmi ne ya kama shi.

Saboda haka kada wani ya ce mana maganar iska mai kyau maganar masu ƙoshi ce. Mai ƙoshi yana da inda zai ɓuya. Mu ne ba mu da shi.

IRIN TAMU KORAR

Abin tsoro shi ne kada mahukuntanmu su ji labarin Antuwaf su ɗauko rabin da ya fi sauƙi, watau kora. Mun riga mun ga yadda ake yin ta a nan. Ran 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaɓa ɗungum a ƙananan hukumomi 6: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, da Ikko ta tsibiri da ta tudu, a watan Satumba ta ƙara da Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin. Dalilin da ta bayar haɗari ne da tsaro, ba hayaƙi ba, kuma ba mu ce ba ta da hujja ba. Amma a dubi yadda aka yi: sanarwar mako biyu, sa'an nan kame, sa'an nan aka murƙushe babura sama da 2,000 a gaban 'yan jarida cikin kwanakin farko. A Gent a biya ka don a farfasa motarka. A nan a farfasa babur ɗinka ka tafi hannu rabbana. Masu baburan da suka tsira kuwa ba sama suka tashi ba, gefen gari suka koma, da garuruwan Jihar Ogun da ke maƙwabtaka. An gudu ba a tsira ba.

In aka bi wannan salo a kan hayaƙi, ga abin da zai faru: za a tsabtace Ikoyi da Victoria Island, a tura tsofaffin danfo da tireloli Agege da Ikorodu da Ajegunle, a kuma ƙirƙiro sabon tikiti da sababbin masu tare hanya. Hayaƙin yana nan yadda yake, sai dai an matsar da shi inda masu shaƙarsa ba su da bakin magana, daidai yadda Turai ta yi mana. Wanda ya ji zafin abin da aka yi masa daga ƙetare, bai kamata ya yi wa na ƙasa da shi irinsa ba.

Gwamnatin jiha ta yi abubuwan da ke rage hayaƙi na haƙiƙa, ya kamata a faɗa: manyan bas masu hanyarsu ta kansu tun 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, jirgin ƙasa mai lantarki daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, da wani jirgin ƙasa daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024. Kowane fasinja da ya shiga jirgi, kujera ɗaya ce ta ragu a danfo. Ƙungiyar ECOWAS kuma ta amince a 2020 cewa daga farkon 2021 kada a shigo da motar da ba ta kai aji na 4 ba, kada kuma farar wutar mai ta wuce kashi 50. Doka ce mai kyau, kuma cika ta aikin gwamnatin tarayya ne a bakin tasha. Kowace ruɓaɓɓiyar mota da aka mayar daga Tin Can ta fi tara dubu da za a ci direbobi a Oshodi.

AIKIN ƘARAMAR HUKUMA

Ƙaramar hukuma a ƙasar nan ba ta da ikon majalisar Antuwaf. Ba ita ke rajistar mota ba, ba ita ke duba lafiyarta ba. Amma ba hannu sake take ba. Tsarin mulki na 1999 ya damƙa mata kasuwanni da tashoshin mota da titunan cikin unguwa, ya kuma sa ta cikin sha'anin makarantun firamare da kiwon lafiya. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ta kasonta kai tsaye. To, ga abin da za ta iya yi da wannan iko ba tare da ta kori kowa ba.

Na farko, ta auna. 'Yan kwalaben da mutanen Antuwaf suka rataya a taga ba su da tsada, kuma akwai jami'o'i a Ikko da Badun da Fatakwal, akwai hukumar kare muhalli ta jiha. A rataya su a ƙofar kasuwa da tasha da makarantar firamare, a liƙa sakamakon a bango kowa ya gani, da Yarabanci da Hausa da Ibo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba.

Na biyu, ta gyara tashoshi. Motar da ke jiran lodi awa biyu ba ta da dalilin barin inji yana aiki. Wannan doka ce da shugabannin tasha za su iya tsayarwa da kansu, kuma riba ce ga direba, balle tun da aka janye tallafin fetur a 2023. A tsara tasha yadda salansa ba za ta fuskanci rumfar masu abinci ba, a ba masu shayi da masu tuwo wuri a gefen da iska ke fitowa, maimakon a kwashe musu tebur.

Na uku, ta cike ramukan titunan unguwa, ta kwashe kwatoci. Mota ta fi hayaƙi lokacin da take tsayawa tana tashi, kuma rami ɗaya a mararraba ya isa ya haifi gosulon mil guda.

Na huɗu, in har za a kai ga hana wasu motoci shiga wani wuri, a bi ladabin da aka bi a can: sanarwa ta shekaru, mataki-mataki, sassauci ga mai larura, tara mai rasit wadda ba ta bi ta hannun ɗan kamasho ba, kuma kuɗin tarar a zuba shi a asusun da zai taimaki mai tsohuwar mota ya gyara inji, ko ya mai da ita mai aiki da iskar gas, ko ya miƙa ta a narke a ba shi abin da zai soma biyan wata. Duk motar da aka ce ba ta dace da Ikeja ba, ba ta dace da Agege ba, ba ta kuma dace da Kano ko Gusau ba, inda muka san can za a tura ta in ta gaji a nan.

NAMU KASON

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Cikin masu tuƙa motocin da ke turnuƙe titi akwai namu, da yawa kuwa. Direban da ya ga motarsa na fid da baƙin hayaƙi ya san nozul ne ko matatar iska ko lodin da ya wuce kima. In shuɗi ne, ya san inji na shan baƙin mai. Ko wanne ne, kuɗinsa ne ke fita ta salansa, kuma yaron motarsa ne na farkon shaƙa. Wanda ya cire indomi ya sayar, ya sayar da lafiyar wanda ke bayansa a kan 'yan kuɗin da ba za su kai wata ba. Mai sayen mota kuma ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya biya, ya tambayi shekarar ƙirarta, kada fenti ya ruɗe shi.

Sarakunan Hausawa na unguwanni, da shugabannin kasuwa, da na ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa da 'yan Keke Napep, su ne ciyaman ke nema in zaɓe ya matso ko in rigima ta tashi. Kada su jira sai an zo da motar kame kana su tafi roƙo. Su riga kowa zuwa sakatariya, su tafi da maƙwabtansu Yarabawa da Ibo, domin hayaƙi ba ya tambayar asali, su ce: ga tasharmu, a zo a auna, ga abin da muka ɗauka za mu yi, ga abin da muke nema hukuma ta yi. Wanda ya zo da shawara tun ana shata layi, da shi ake shatawa. Wanda ya makara kuwa, a kansa ake shatawa.

Majalisar Antuwaf ta yi wa mutanenta abin da ya wajaba a kanta, kuma muna fata ta ƙarasa, ta bi motar da ta kora har makera maimakon bakin jirgi. Tamu majalisar kuwa, mu ne za mu tashe ta. Rigakafi ya fi magani, kuma huhu ba a sayo shi a Ladipo. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya mai da kowa gida da ƙarfinsa, amin.